Keken Moeroa Ya Ƙi Kama Zare

Mauke, Yuni 1974

Zuwa ga Yaya Tutai,

Kia orana. Ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji, da fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki Papa Rangi da yara. Yaya sanyin Auckland? Mu nan lafiya, sai godiya. Ƙafar maigidana Mataio ta yi sauƙi, ya koma gonar gwaza, ko da yake har yanzu yana ɗan ɗingishi. Lemo ya yi 'ya'ya sosai bana, amma jirgin ruwa ya makara, da yawa ya ruɓe a bakin gaɓa.

Ki yi haƙuri da rubutuna. Kin san ban yi nisa a makaranta ba, kuma 'yata Moeroa ce take rubuta mini wasiƙa. Wannan ce ta farko da na kama alƙalami da kaina tun da ta rasu. Na gode da baƙin yadin da kika aiko lokacin makoki. Kakata da kakarki ne kawai suke uwa ɗaya, amma ba ki taɓa nuna mini nisan ba.

Dangi sun zauna, an tsai da buɗe dutsen kabarinta a tsakiyar Disamba, lokacin da ku na can kuke zuwa hutu. Dangin Mataio za su kawo zannuwansu su lulluɓe dutsen, namu ma haka, a riƙa ɗagawa ɗaya bayan ɗaya. Amma wanda zai kwanta a jikin dutsen, na ƙarshe da za a ɗaga, ina so ya zama tivaivai ɗin da ta fara, wannan babban lulluɓin gado na ƙananan ƙyallaye, ja da ruwan ƙwai da kore. Ta haɗa fiye da rabi kafin ciwon ya kwantar da ita. Sauran ƙyallayen suna cikin akwati, ta yanka su ta jera, kowane launi da ɗaurinsa.

Da keken ɗinkin da kika aiko mata take haɗawa. Tsofaffin ƙungiyarmu ta ɗinki sun sha yi mata dariya, wai tivaivai aikin yatsa ne. Ita kuma ta ce sai ta nuna musu keke ma ya iya. Shi ya sa nake so a ƙarasa shi da keke.

To Yaya, keken ya ƙi. Na zauna gabansa cikin watan jiya, na juya hannun kamar yadda na ga tana yi. Allura tana hawa tana sauka, amma ba ta kama zaren ƙasa. Huji kawai take bari a jikin yadi, in na ja sai ƙyallayen su rabu kamar ban yi komai ba. Wani lokaci kuma zaren ya cukurkuɗe a ƙasa kamar komar da igiyar ruwa ta nannaɗe. Hannun juyawar ma ya yi nauyi, sai na sa ƙarfi.

Ba sakaci na yi ba. Tun ranar da ta bar shi, duk Asabar ina goge shi, in shafa masa mai, in rufe. Zaren da ta sa ma yana nan yadda ta bar shi, na sama da na ƙasa. In zan gwada, kaɗan nake ja don kada ya ƙare.

Mama Upoko, shugabar ƙungiyar, ta leƙo ta same ni ina fama. Ta riƙe ƙugu ta ce, "Akaiti, me na gaya muku? Ƙarfen Turawa ya san makoki ne? Kawo kayan nan mu zauna a kansu, kafin Disamba mun gama har mun huta."

Na ce, "Na gode, Mama, amma da keke ta fara."

Ta ce, "Kanki ya fi busasshiyar kwakwa tauri. A wurinki Moeroa ta gado shi." Sai ta goge ido da bakin rigarta ta fita.

A tsibirin nan ba mai gyaran keke. Mataio ba ya ko shiga ɗakin da yake, ban kuma roƙe shi ba. Ke kuwa kullum kina kan keke a kamfaninku na riguna. Don Allah ki gaya mini abin da zan yi, ki rubuta da manyan baƙaƙe yadda zan gane.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Akaiti

Auckland, Yuli 1974

Akaiti ƙanwata,

Kia orana. Wasiƙarki ta iso, a motar haya na karanta ta ina hanyar aiki, na yi ta kuka har wata Baturiya ta miƙo mini hankici. Rubutunki ba abin da ya same shi, ya fi na Rangi kyau. Muna lafiya. Sanyi ne dai kamar ya cire wa mutum kunne. Rangi yana tari, amma bai hana shi zuwa aikinsa na mayanka ba, bai kuma hana shi ci ba. Na ji daɗi da ƙafar Mataio ta yi sauƙi. Ki ce masa ya daina hawa kwakwa, ya tsufa.

Yanzu zancen keke. Ni wuyan riga nake ɗinkawa tun safe har yamma, ba makanikiya ba ce, amma na san 'yan abubuwa.

Ki fara da allura. Allura tana lanƙwashewa ido bai gani ba, kuma in ta lanƙwashe ba za ta sadu da zaren ƙasa ba. Na sa miki sababbi cikin ambulan ɗin nan. Kafin ki cire tsohuwar, ki duba inda gefenta mai faɗi yake kallo, sabuwar ma ta kalli can. Ki tura ta sama har ta tokare, sannan ki ɗaure. Bayan haka ki zame ɗan farantin ƙarfen da ke ƙarƙashin allura, za ki ga ƙoshiya, wato wannan abu mai kama da ɗan kwalekwale da zaren ƙasa yake ciki. Ki ciro ta ki hure ƙurar yadi. Ki zare zaren gaba ɗaya ki sake sawa, sau da yawa a nan matsalar take. Nauyin hannun kuma iskar gishirin nan taku ce. Ki ƙara masa mai a duk ramin da kika gani, kada ki yi rowa.

Amma ki saurare ni da kyau, don na girme ki. Kada ki kashe kanki a kan ƙarfe. Keken nan tsoho na saye shi, wata tsohuwa ce ta ci moriyarsa kafin mu. In ya ƙi, ya ƙi. Akwai wani kanti a nan mai sayar da manyan zannuwan gado masu furanni, na ga wani mai ja da ruwan ƙwai, kyakkyawa. Sai in saya in taho da shi a Disamba a ɗora. Ranar nan hawaye ne a idon kowa, ba wanda zai tsaya duba ɗinki. In kuma ba ki so haka ba, ki ba Mama Upoko. Bakinta kamar almakashi, amma hannunta ba na biyunsa.

Ki riƙa cin abinci. Ki riƙa fita wurin mata, kada ki yini a ɗaki ke da keke.

Na sa suna a jerin masu neman hutun Disamba. In Allah ya yarda da ni za a yi.

Yayarki,
Tutai

Mauke, Agusta 1974

Yaya Tutai,

Ina gaisuwa. Muna lafiya. Allah ya ba Papa Rangi sauƙin tari.

Na ga allurai, na gode. Na canja kamar yadda kika ce. Na ƙara mai a duk ramin da na gani, ban yi rowa ba. Bai yi ba. Nauyi ma ya ƙara, da safe in akwai sanyi da ƙyar yake motsi. Ƙoshiyar na taɓa ta, ta ƙi fitowa, na bar ta. Zaren ban zare ba, kuma ba zan zare ba. Hannunta ne ya bi da shi ta duk waɗannan ƙugiyoyi, ni ban ma san hanyar ba.

Sai zancen zanen kanti. Na karanta wurin na sake karantawa, ko idona ne yake mini gizo. Yaya, kin daɗe a can. Mu a nan ba ma lulluɓe 'ya'yanmu da abin da baƙo ya ɗinka bai ko san sunansu ba. Aladen da za a gasa ranar ma, a bayan gidan nan yake girma. Kin ce ba wanda zai duba. Ni zan duba.

Kin ce ƙarfe ne, tsoho kika saya. Haka ne, kuɗinki ne. In ya zama abin kunya a gare ki, idan kin zo sai ki tafi da abinki. Amma sai bayan an buɗe dutse.

Ga ƙyallen da na yi gwaji a kai, ki gani da idonki, kada ki zata ban yi ƙoƙari ba.

Akaiti

Auckland, Satumba 1974

Akaiti, ƙanwata ko kin so ko kin ƙi,

Kia orana. Ina fatan kuna lafiya. Mu lafiya, tarin Rangi ya tafi.

Wasiƙarki ta ƙona ni. Na yini ban yi wa Rangi magana ba, shi da bai yi mini komai ba. Har ya ce, "Mata, in wani ya mutu ki faɗa mini, in kuma ni ne zan mutu ki bari in ci abinci tukuna." In tafi da keke? Ni na ce miki ina son keke? Ina da wanda yake cin ƙashin bayana kullum a wurin aiki.

Amma da na huce na sake karanta abin da na rubuta miki, don ina ajiye kwafi, sai na ga laifin nawa ne. Ba raina Moeroa na yi ba, Allah ya sani. Jikar Mama Upoko da ke nan ce ta ce mini kin rame, rigunanki suna yawo a jikinki. Tsoro ya kama ni, na ce bari in sauke miki kayan nan daga ka. Ban iya magana mai laushi ba, kin san ni tun muna yara. Ki yafe mini. Zanen yana kantinsu, can zai tsufa.

Yanzu ki zauna ki ji.

Na tafi da ƙyallen nan wurin aiki. Da aka tashi cin abincin rana na ciro shi daga jaka, sai wani ƙamshi ya buge ni. Akaiti, na ga gidan kakarki. Na ga ana yi mana kitso ranar Asabar don zuwa coci, ana shafa mana mai har wuya. Na rasa inda nake. Sai na duba da kyau, na ga maiƙo ya zagaye kowane huji.

Muna da makaniki a nan, wani ɗan tsibirin Samowa, sunansa Pelenato, mai tumbi da barkwanci. Na miƙa masa ƙyallen. Ya duba, ya kai hanci, sai ya kwashe da dariya ya ce, "Mama Tutai, wannan keke ne ko amarya? Wa ya shirya shi zuwa biki?"

Na ce, "Rufe mini baki, tulu. Na 'yata ne da ta rasu."

Nan take dariyar ta ɗauke. Ya cire hularsa. Ya ce in yafe shi, uwarsa ma haka ta yi wa nata a ƙauyensu, kuma duk keken da aka kawo masa daga tsibirai ciwonsa ke nan.

Akaiti, man kwakwa kike shafa masa, ko ba haka ba? Mai furen tiare. Ni da na ce ki ƙara mai, man keke nake nufi, irin na ɗan gwangwanin da na haɗo da shi tun farko. Na manta cewa a gida in aka ce mai, to mai ɗaya ne. Ni ce na sa kika ƙara masa ciwo.

Pelenato ya ce man kwakwa yana da kyau a jikin mutum don jiki yana da ɗumi, yana shanye shi. Ƙarfe ba ya sha. Sai man ya zauna, ya tsufa, ya haɗu da ƙurar yadi ya zama danƙo, in sanyi ya zo kuma ya daskare. Ƙoshiya tana can a maƙale cikin danƙon, tana tafiya da ƙyar. Kafin ta iso, allura ta riga ta koma sama, shi ya sa ba sa haɗuwa. Ya ce keken bai mutu ba. Ya ce irinsu ba sa mutuwa.

Ga maganin. Ki fitar da shi waje da safe, ya sha rana har ƙarfen ya yi ɗumi. Ki cire allura, ki cire farantin, ki ɗiga kananzir a kan ƙoshiya har ta saki. Ki jiƙa ta a kofi. Ki zuba kananzir a duk ramin da kika sa mai, ki yi ta juya hannun, ki goge baƙin da ke fitowa, ki sake zubawa. Ki sa tsohon buroshin haƙori da gashin kaza a lunguna. Sai abin da ke fitowa ya zama fari tas, sannan ki bar shi ya bushe, ki ɗiga man keke, ɗigo ɗaya a kowane rami.

Ba zan ɓoye miki ba, don na ga abin da ɓoye-ɓoye da lallashi suka jawo mini. Dole zaren ya fita. Na ƙasa ya riga ya sha mai, ba zai ɗinku ba, sai an warware shi an naɗa sabo. Na sama ma sai an zare. Kuma kananzir zai tafi da ƙamshin nan gaba ɗaya, ba zai dawo ba. Na tambaye shi ko akwai wata hanya, na tambaya har ya gaji da ni. Babu.

Na zana miki hanyar zare a bayan takardar nan, daga sama har allura. Kada ki yi mini dariya.

Na je wurin masu sassaƙa a nan Auckland na ga dutsen kabarin. Sun rubuta sunanta daidai, na bi baƙaƙen da yatsana. Za a sa shi a jirgin wata mai zuwa. Na cusa kwalbar man keke a cikin akwatin, a naɗe da tsohuwar safar Rangi, ta gefen ƙasa. Ki ce wa masu buɗewa su yi a hankali.

Yayarki,
Tutai

Auckland, Oktoba 1974

Akaiti,

Ina gaisuwa, muna lafiya. Shiru nake ji. Ban sani ba ko fushi ne ko jirgi. 'Yan tsibirin Atiu maƙwabtanku da ke nan sun sami wasiƙunsu, na tambaya, to ku ma ai ya biyo ta wajenku.

In ba za ki iya ba, ki faɗa mini kawai. Zan roƙi shugabarmu ta sake ni da wuri, in zo in yi da hannuna, ke ki tafi bakin ruwa har in gama. In kuma ba ki son ganina, shi ma ki faɗa. Zan zo dai, in tsaya daga baya.

Ko layi ɗaya ne ki rubuto.

Tutai

Mauke, Nuwamba 1974

Yayata Tutai,

Kia orana. Ina gaishe ki da gaisuwa mai yawa, ke da Papa Rangi da yara, da wannan bawan Allah Pelenato. Muna lafiya. Wasiƙunki biyu sun iso, ta farko da daɗewa. Ba jirgi ba ne, ba kuma fushi ba ne. Fushin ya tafi tun a wurin da kika ce ƙanwata ko na so ko na ƙi. Na kasa rubutu ne don ban da abin da zan ce miki sai dai ban yi ba.

Gaskiyarki, man kwakwa ne. Ni na dafa shi da kaina, na jiƙa furen a ciki. Da shi nake murza mata baya da ƙafafu lokacin ciwon. Ta tafi ta bar kwalbar da saura. Hannuna kuma ya saba, sai ya riƙa neman abin shafawa. Ɗan gwangwanin da kika ce, ya daɗe da ƙarewa. Ni dai na ga abin da ya yi wa fatar mutum kyau ba zai cuci ƙarfe ba. In na buɗe murfin keken sai in ji kamar yanzu ta tashi daga wurin.

Na sayi kananzir, na ajiye shi kusa da keken. Kullum in dube shi in wuce.

Sai jirgi ya kawo dutsen. Maza suka sha wuya kafin su haye da shi kan duwatsun gaɓa, igiyar ruwa tana da ƙarfi ranar. Aka kawo shi gida aka jingina a gindin mangwaro, kusa da kabarin. Da aka ɓalle katakon sai ga safar Papa Rangi ta faɗo. Mama Upoko ta ɗaga ta da yatsa biyu ta ce, "Wannan kuma tsarabar wa ce? A Auckland ba su da sabulu ne?" Aka yi dariya. Ni ma na so in yi, sai idona ya sauka a kan sunan. Yaya, dutsen a tsaye, fari fat, ba ko ƙyalle a jikinsa. Sai na ji kamar na bar ta a waje ba zane.

Washegari da rana ta fito na ɗauki keken na kai baranda. Na zare zaren sama a hankali, ina kallon duk inda ya bi. Bai fi tsawon hannuna ba, ashe. Duk abin da nake tsoro ke nan. Ƙoshiya ta sha kananzir kafin ta saki. Na warware zaren ƙasa a yatsuna, ya yi rawaya yana danƙo, na sa su duka a gwangwanin da matajinta yake.

Abin da ya fito daga cikin keken nan ba zan iya kwatanta miki ba. Baƙi kamar kwalta, da matattun kiyashi cunkus. Ashe gida na gina musu. Na yi ta zubawa ina gogewa, hawaye na zuba, gida duk ya ɗauki warin fitila. Can sai na ji hannun ya saki. Na tura shi da yatsa ɗaya, ya yi ta juyawa shi kaɗai.

Zanen hanyar zaren da kika yi mini kuwa, kin ce kada in yi dariya, na yi. Ƙaguwa kika zana mini mai ƙafa goma. Na bi ta dai, na ɓata, na sake, na tsallake wata ƙugiya zaren ya tsinke, na sake. Da la'asar na ɗiga man, na naɗa sabon zare, na haɗa ƙyalle biyu na tsohuwar riga, na ce Ubangiji ga ni, na juya.

Ya kama. Na ja da ƙarfi, bai rabu ba.

Amma ba wannan nake so in gaya miki ba. Ban yi tunanin ƙarar ba. Da yana ciwo gurnani kawai yake yi. Yanzu sai ya saki muryarsa ta da, kat-kat-kat, da sauri, har ta cika gidan. Mataio yana bayan gida yana fasa wa alade kwakwa. Na ji adda ta faɗi a ƙasa. Na ji gudu, shi da ƙafarsa. Ya zagayo ya tsaya a bakin baranda yana haki, fuskarsa a buɗe kamar ta yaro. Ya dube ni. Na ga abin da ya zata, na kuma ga lokacin da ya tuna.

Ya juya ya tafi gindin mangwaro, ya daɗe a can. Ni kuma na ɗauko tivaivai ɗin daga akwati, don na san in na tsaya ba zan sake farawa ba. Sai dai abin ya yi girma. Hannu ɗaya yana juyi, ɗaya yana riƙo, yadin yana zamewa ƙasa yana jan ɗinkin gefe. Ina cikin wannan fama na ji an jawo kujera. Mataio ya zauna a damana, ya goge hannu a wando, ya kama hannun keken.

Na ce, "Ka iya?"

Ya ce, "Juyi ne, ba wa'azi ba."

Ya juya hannun ta baya, zaren ya tsinke. Na ce, "Wajenka ake juyawa ko wajena? Tsoho, za ka ɓata mini aikin yini guda." Na sake sa zaren, wannan karon ban ko duba ƙaguwarki ba. Muka yi layi ɗaya, muka yi na biyu. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Moeroa ta fi ki sauri."

Yaya, tun ranar da aka binne ta sunan nan bai fito daga bakinsa ba.

Na ce, "Ta fi ka iya juyi ma, kuma ita ba ta warin alade."

Ya yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu, amma bai saki hannun ba. Haka muka yi ta yi har haske ya gaza.

Tun daga ranar, in ya dawo gona sai ya wanke hannu ya zo ya zauna. Yana ba ni labarinta da ban sani ba, wai ita take satar masa taba tana ɓoyewa don ya daina sha. Jiya muka haɗa ƙyalle na ƙarshe. Ba ko ɗaya da ya rage a akwatin, ba kuma wanda ya gaza, daidai ta yanka. Na wanke shi na shanya, ya cika igiyar daga bakin kicin har bishiyar lemo.

Kada ki roƙi kowa ya sake ki da wuri, ki zo lokacinki. Amma zancen tsayawa daga baya, ki bar shi a Auckland. Mun yi magana da Mataio. Idan an ɗaga na dangi duka, ya rage nata kaɗai a jikin dutsen, ni da shi za mu kama gefe ɗaya. Ɗaya gefen naki ne.

Ƙanwarki,
Akaiti